LACCA A KAN TANIF, DA YADDA A KE KIRƁA SHI A CI DA NAMA

Yau maganar abinci za mu yi, amma ba na ƙasarmu ba. Za mu yi maganar wani abin gona da a ke nomawa a ƙasashen sanyi, wanda Ingilishi su ke kira tanif, Larabawa kuwa su ce lifti. Zan gaya muku kamanninsa, da yadda a ke dafa shi a kirɓa a ci da nama. Sa'an nan in ba ku labarin abin da ya yi wa manoman Ingila, da kuma abin da ya auku ga mutanen Jamus a shekarar da ba su da wani abinci sai shi.

Watakila wani zai ce, "Ina ruwan namiji da maganar tukunya?" To, a cikinku akwai masu aikin kuku, waɗanda tukunya ce ta ke ci da su da iyalinsu. Sauranku kuwa galibi manoma ne ko 'ya'yan manoma, kowa da 'yar tunkiyarsa ko ɗan sansa a bayan gida. Maganar nan ta shafi kuku, ta shafi manomi. Ku dai saurara har ƙarshe.

KAMANNINSA

Tanif ɗan'uwan kabeji ne, danginsu ɗaya. Bambancinsu shi ne, kabeji ganyensa ne ya ke dunƙulewa, tanif kuwa gindinsa ne ya ke kumbura, ya yi ƙwallo kamar babbar albasa, rabi cikin ƙasa, rabi a waje. Wajen da ya ke cikin ƙasa fari ne, wajen da rana ta ke duka kuwa ya kan yi launin fatar jar albasa. Irin da a ke shukawa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar gero girma ba. Ba ya son zafi. A ƙasashe masu rana, kamar Masar da Indiya, sai da sanyi a ke noma shi.

Iri biyu ne manya. Na farko shi ne farin tanif. Girmansa kamar dunƙulen hannu, cikinsa fari fat, ya kan isa cira cikin wata biyu. Wannan tun zamanin Rumawa da Yunanawa a ke noma shi.

Na biyu ya fi girma, wani ya kan kai ƙaramar ƙwarya. Fatarsa tana da kauri, cikinsa rawaya ne. Asalinsa barbara ce tsakanin farin tanif da kabeji. Wani masanin tsire-tsire na ƙasar Suwizalan, sunansa Gaspard Bauhin, ya rubuta bayaninsa cikin 1620. Ta hanyar ƙasar Suwidin ya shigo Ingila da Sikotlan, wajen ƙarshen ƙarni na 18, don haka Ingilishi su ke kiransa da sunan ƙasar nan. Mu ma a laccan nan za mu riƙa ce masa ɗan Suwidin. Ya fi farin daɗewa a gona, amma ya fi shi jure sanyi. Ko ƙanƙara ta rufe ƙasa yana nan lafiya, kuma in an cire an adana shi wuri mai sanyi ya kan yi watanni bai lalace ba.

Ɗanɗanonsu duka akwai ɗan zaƙi, akwai ɗan yaji, akwai kuma ɗan ɗaci irin na ɗanyen kabeji. Suna da sinadarin nan da likitoci su ke kira bitamin C, wanda rashinsa ya ke sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini. Wannan babban amfani ne a ƙasar da a kan yi watanni ba a ga ɗanyen ganye ba.

Amma ga abin da na ke so ku riƙe da kyau. In aka raba tanif kashi 10, wajen kashi 9 ruwa ne zalla. Ba shi da sitaci mai yawa, watau abin nan da ya ke sa doya ta yi danƙo in an kirɓa ta, ya sa rogo da dankali su riƙe ciki. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, na tukunya da na gona da na yunwa, daga wannan magana ya fito.

MATSAYINSA A KAN FARANTI

A wurinmu tuwo ne uban tafiya, miya ce ta ke raka shi, nama kuwa in an samu sai a ɗora 'yar tsoka ɗaya ko biyu. A Ingila da Sikotlan an juya abin. Ran da aka yi girki na sosai, nama ne babba a faranti, sa'an nan a kewaye shi da 'yan abubuwa biyu ko uku, kowanne kaɗan kaɗan, kamar dankalin Turawa, da kabeji, da karas. Su ne 'yan rakiyar nama. Kirɓaɓɓen tanif ɗaya ne daga cikinsu.

Aikinsa shi ne ya taimaki nama mai kitse. Kun san yadda naman rago mai maiƙo ya ke ginsar mutum tun bai ƙoshi ba. To, ɗan ɗacin nan da ɗan yajin tanif su ke wanke baki, su sa a ci gaba da ci da marmari. Shi kuma kitsen naman, da romonsa, su ke ba tanif ƙarfin da ba shi da shi. Kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

YADDA A KE DAFA SHI

Bari mu ɗauka za a ciyar da mutum huɗu. Abin da a ke bukata shi ne tanif kilo ɗaya, watau laba biyu da ɗan ɗoriya, da man shanu cike da babban cokali biyu, da gishiri, da garin masoro. Aikin hawa shida ne.

Na farko, zaɓe. A ɗauki tanif a auna shi a hannu. Mai kyau ya kan yi nauyi fiye da yadda ido ya zata, jikinsa da tauri, fatarsa sumul. Wanda ya yi yaushi, ko ya yi sakayau, ya tsufa, cikinsa ya zama kamar soso. In farin ne, a zaɓi ƙanana da matsakaita, gama manyan sun fi ɗaci, kuma suna da zare-zare. In ɗan Suwidin ne, wanda aka cire bayan sanyi ya sauka ya fi zaƙi.

Na biyu, fira. A nan sai a yi hankali da yatsu, don ɗan Suwidin yana da tauri ƙwarai, wuƙa ta kan zame. A fara yanke kansa da gindinsa don ya zauna daram a kan katako, sa'an nan a raba shi biyu, a kifa, a fere. Kada a yi masa firar dankali, watau sama sama. Ƙarƙashin fatar akwai wani ɓawo mai tauri, wanda ba ya laushi kome daɗewarsa a wuta. A zurfafa wuƙa har a kai ga tsoka mai launi ɗaya. Mai tsumulmular fira shi ne zai ci zare.

Na uku, yanka. A yayyanka shi gutsi gutsi, kowanne kamar ƙaramin goro, kuma a yi ƙoƙari su zama kai ɗaya. In wani babba ne wani ƙarami, kafin babban ya nuna ƙaramin ya narke ya sha ruwa.

Na huɗu, dahuwa. A zuba cikin tukunya, a sa ruwan sanyi iyakar abin da zai sha kansa, a sa gishiri kamar ƙaramin cokali ɗaya. In ya tafasa a rage wuta, ya riƙa tafasa a hankali. A ɗan karkata murfi don tururi ya sami hanyar fita, domin shi ya ke tafiya da wani abu daga cikin yajin nan. Farin tanif ya kan nuna cikin minti 15 zuwa 20. Ɗan Suwidin ya kan ci wajen rabin sa'a, wani ma ya ɗara. Amma kada a dogara ga agogo kaɗai. A soki guda da tsinin wuƙa. In ta shige ba da turjiya ba, ya nuna. In an sauke da wuri, za a sami gudaji waɗanda ba su kirɓuwa. In kuwa an bar shi ya wuce, sai ya cika da ruwa, ya tashi da wari irin na kabejin da ya daɗe a wuta. Warin nan na farar wuta ne, gama dangin kabeji duka suna da ita kaɗan a jikinsu.

Na biyar, tsanewa. Nan ne a ke gane gwanin kuku. A juye cikin gwagwa ko rariya, a bar shi kamar minti 5 ruwan ya tsiyaye. Sa'an nan a mai da shi cikin tukunyar nan ba ruwa, a ɗora a kan wuta kaɗan, a riƙa girgiza tukunyar don kada ya kama. Za a ga tururi yana tashi. A ci gaba minti 2 ko 3, har tururin ya ragu, gindin tukunya ya bushe. In farin tanif ne, da ya ke ya fi ruwa, wasu har matse shi su kan yi tsakanin faranti biyu. Wanda ya tsallake hawan nan, kome yawan man da ya zuba, abin da zai kai gaban baƙi tsululu ne. Zai kwanta a faranti, ruwa ya fito ta gefensa ya malale cikin romon nama, ya ɓata duka biyu.

Na shida, kirɓawa. Turawa suna da wani abu mai mariƙi, da faffaɗan ƙarfe mai huji huji a ƙasansa, da shi su ke dannawa. In babu shi, cokali mai yatsu ya isa, ko bayan ludayi, ko muciya. Cikin tukunyar za a yi, ba a bukatar turmi. Tun yana da zafi a jefa man shanun, a ci gaba da murtsukewa har man ya narke ya shige. Kada a sa ran zai haɗe ya yi danƙo kamar sakwara, ba zai yi ba ko an kwana ana dukansa. Abin da a ke so ya yi laushi, ya tsaya a cokali. Kada kuma a zuba madara kamar yadda a ke yi wa dankalin Turawa. Dankali yana shan madara, tanif kuwa ruwan da aka sha wahalar korewa ne za a mayar masa.

Daga nan sai a ɗanɗana. A ƙara gishiri in bai ji ba, a barbaɗa masoro da ɗan yawa, gama tanif yana son masoro. Wasu su kan kankara gyaɗar ƙamshi kaɗan a kai, wasu garin citta. In an ji ɗaci ya yi yawa, sukari ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka ya isa ya kashe shi. A kai shi da zafinsa.

In an yi duk wannan, aka ga har yanzu ya yi ruwa, akwai dabara. A dafa dankalin Turawa dabam, a kirɓa, a haɗa, kashi ɗaya na dankali ga kashi biyu na tanif. Sitacin dankalin zai shanye ruwan. A Ingila kuma an saba dafa ɗan Suwidin tare da karas, rabi da rabi, a kirɓa su wuri ɗaya, abin ya fito da zaƙi da launi mai kyau. Ruwan da aka tsiyaye ba a zubarwa, a kan sa shi cikin romo. Ganyen farin tanif ma ana ci. A kudancin Amurka da Italiya da Fotugal dafa shi a ke yi kamar yadda mu ke dafa alayyaho. A Masar da Sham kuwa hanyarsu dabam ce. Su kan yanka shi ɗanye, su jiƙa cikin ruwan gishiri tare da wata jar saiwa har ya yi tsami ya rine, a ci da gurasa da nama. Ko a can ma ɗan rakiya ne.

INDA A KE GIRMAMA SHI

Ba ƙasar da ta riƙe kirɓaɓɓen tanif kamar Sikotlan, wadda ta ke arewa da Ingila. Su ɗan Suwidin su ke nufi in sun ce tanif. Suna da wani mawaƙi da su ke ji da shi, Robert Burns, ɗan manomi, shi ma ya yi noma. An haife shi ran 25 ga Janairu 1759, ya rasu cikin 1796, yana da shekara 37. Cikin 1801 abokansa suka taru suka ci abinci don tunawa da shi, abin ya zama al'ada. Har yau kowace shekara, daren 25 ga Janairu, mutanen Sikotlan na gida da na ƙetare su kan yi wannan taro.

Abincin daren nan abu uku ne. Babbansu sunansa hagis. Zuciyar tunkiya ce da hanta da huhu a ke dafawa a daddatse, a haɗa da kitse da albasa da barzajjen wani hatsi nasu mai suna ot, a sa yaji. Bisa ga al'ada cikin tumbin tunkiyar a ke ɗurawa, a ɗinke, a dafa. A kan shigo da shi a kan babban faranti, mai busa yana gaba da algaitarsu mai jakar iska, jama'a duka a tsaye. A gefensa sai kirɓaɓɓen dankali fari, da kirɓaɓɓen tanif rawaya, kowanne da wurinsa. Hagis yana da maiƙo da yaji ƙwarai, kun ga dalilin da ya sa ba a raba shi da tanif. Can kuma tsibiran Orkney, arewa da Sikotlan, su kan haɗa dankalin da tanif ɗin su kirɓa tare, su yanka ganyen albasa a ciki.

Ku lura, abincin nan duka na talaka ne, kayan ciki da saiwoyi. Tun dā ma haka aka san tanif. Rumawa suna ba da labarin wani sarkin yaƙinsu, Curius Dentatus, wanda ya ci wata kabila mai suna Samniyawa da yaƙi shekara 290 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce jakadunsu sun zo masa da zinariya don su saye shi, suka iske shi zaune bakin murhu yana dafa tanif da kansa. Ya mayar musu da kayansu, ya ce wanda wannan abinci ya ishe shi ba shi da bukatar zinariya.

ABIN DA YA YI WA MANOMAN INGILA

Yanzu mu bar tukunya mu tafi gona. Kun san halin da dabbobinmu su ke shiga da bazara, sa'ad da harawa ta ƙare, daji ya bushe, ruwa bai sauka ba. Manoman Ingila suna da irin wannan lokaci, sai dai nasu sanyi ne ya ke kawo shi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris ciyawa ba ta girma. A zamanin dā busasshiyar ciyawar da su ke tarawa ba ta isar dabbobi duka. Saboda haka in Nuwamba ta kama, sai manomi ya ware waɗanda zai iya ciyarwa, sauran a yanka, a sa wa naman gishiri, shi za a yi ta ci har sanyi ya wuce. Waɗanda aka bari kuwa su kan rame ƙwarai. A wasu wurare na Sikotlan, in ciyawa ta fito, sai an taru an ɗaga saniya kafin ta iya tsayuwa.

Ga kuma wata hasara. A yawancin wurare a kan raba gonaki kashi uku. Kashi ɗaya alkama, kashi ɗaya sha'ir ko ot ko wake, kashi na uku a bar shi ya huta, a riƙa kaftarsa don a kashe ciyayi. Watau kowace shekara sulusin ƙasar noma ba ya ba da kome.

Manoman Holan da Filandas, can ƙetaren teku, su suka riga gane maganin abin. Su kan shuka tanif a fili don dabbobi, da wata ciyawa mai suna kuloba. Tun cikin ƙarni na 17 wasu manoman gabashin Ingila suka fara koyi da su. Amma wanda sunansa ya fi fita a kan wannan shi ne wani basarake, Charles Townshend, wanda aka haifa cikin 1674. Ya yi jakadan Ingila a Holan, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan waziran ƙasa. Cikin 1730 suka saɓa da surukinsa, Robert Walpole, wanda shi ne babban waziri. Sai ya ajiye aiki ya koma gidansa a Raynham, cikin lardin Norfolk, ya dukufa ga noma har ya rasu cikin 1738. Ba shi da zance sai na tanif, har mutane suka laƙaba masa sunan abin.

Ga tsarin da ya shahara da sunan lardin nan. A raba gona kashi huɗu. Wannan alkama, wannan tanif, wannan sha'ir, wannan kuloba. Kowace shekara a juya, inda alkama ta fita tanif ya shiga, inda tanif ya fita sha'ir ya shiga, haka har a kewayo. Ba kashin da ya ke zaune banza.

Me ya sa ƙasa ba ta gaji ba, alhali an hana ta hutu? Dalili uku ne. Na ɗaya, tanif ana iya shuka shi layi layi a yi masa noma, musamman da ya ke wani manomi, Jethro Tull, ya ƙago keken shuka wajen 1701. Noman nan ya ke kashe ciyayi, wanda dā sai an bar gona shekara guda a ke samun haka. Na biyu, kuloba dangin wake da gyaɗa ce, saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda kuka sani gero ya kan yi kyau a inda aka cire gyaɗa. Na uku, da sanyi a kan kafa shinge cikin gonar tanif a zuba tumaki. Su ci, su yi kashi, su tattake, sa'an nan a matsar da shingen gaba. Kamar dai yadda manomi a nan ya kan roƙi Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi. Sauran tanif ɗin a kai wa shanu a garke.

Sai abu ya riƙa jan abu. Abincin dabbobi ya samu da sanyi, aka rage yankan dole na Nuwamba. Dabbobi suka yawaita, taki ya yawaita. Taki ya yawaita, alkama da sha'ir suka ƙaru. Mutanen birni suka fara samun ɗanyen nama a tsakiyar sanyi. Ba dare ɗaya aka yi wannan ba. An yi wajen shekara ɗari kafin tsarin ya bazu, kuma a ƙasa mai laka da nauyi tanif bai karɓu ba, ya fi son jigawa. Duk da haka masu tarihi suna lissafa shi cikin abubuwan da suka sa Ingila ta iya ciyar da jama'arta sa'ad da suka yi ta ƙaruwa. Ku duba fa, a gonar ma rakiya ya ke yi. Ba shi ne hatsi ba, amma zamansa tsakanin hatsi biyu ya sa dukansu suka yi albarka.

RAN DA AKA BAR SHI SHI KAƊAI

Saura mu ga abin da ya kan faru in ɗan rakiya ya zama shi ne uban tafiya. Cikin 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Jiragen ruwan Ingila suka tare teku, abinci da takin zamani suka daina shiga Jamus. Maza majiya ƙarfi da dawaki suna fagen fama, gonaki suka rasa hannu. Dankalin Turawa shi ne abin da talakan Jamus ya dogara gare shi. Cikin 1916 ruwa ya yi yawa, cuta ta faɗa wa dankali, abin da aka samu bai wuce wajen rabin na kullum ba. Sa'an nan sanyin ƙarshen 1916 da farkon 1917 ya zo da tsanani.

Hukuma ta duba abin da ya rage, sai ɗan Suwidin, wanda dā yawancinsa dabbobi a ke ba. Aka shiga raba wa mutane shi maimakon dankali. Da safe shi, da rana shi, da dare shi. Aka yi romo da shi, aka busar aka niƙa aka haɗa cikin burodi, aka dama shi a shafa wa burodin, har aka soya shi aka jiƙa a sha a madadin kofi. Man shanu da nama kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, kuma lalle ya tsare rayuka da yawa. Amma ku tuna kashi 9 cikin 10 ruwa ne. Mutum ya cika cikinsa, bayan sa'a ɗaya yunwa ta dawo. Manya suka rame, yara suka tsumbure, tarin fuka ya yawaita. Kafin wahalar yaƙin nan ta wuce, dubban ɗaruruwan mutanen gari sun mutu saboda yunwa da cututtukan da ta ke jawowa. Har yau Jamusawa suna kiran lokacin nan Hunturun Tanif. Mutanen Faransa ma sun ɗanɗana irin wannan daga 1940 zuwa 1944, sa'ad da sojan Jamus suka mamaye ƙasarsu. A ƙasashen nan biyu, waɗanda suka ga zamanin sun yi shekaru ba su ko son jin warinsa a gida.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

To, jama'a, kun ji labarin tanif. Ga kuku, abin da zai riƙe kaɗan ne. Ya zurfafa fira, ya yanka kai ɗaya, ya sauke da zarar ya nuna, ya kore ruwa sarai kafin ya sa mai, ya kai shi da zafi kusa da nama mai kitse. In ya kiyaye waɗannan, baƙon da ya zo daga Sikotlan ba zai sami abin kushewa ba.

Ga manomi kuwa, ban ce kowa ya tafi neman irin tanif ba, gama ƙasarmu da tasu ba ɗaya ba ne. Tambayar da manoman Norfolk suka yi wa kansu ita ce abin ɗauka: me dabbata za ta ci a watan da babu ciyawa, kuma me zan shuka bana wanda zai gyara wa hatsin baɗi wuri? Su tanif da kuloba suka samu. Mu muna da harawar wake da ta gyaɗa, da kara, da dusa, da kaikayi. Wanda ya tara su tun da kaka, ya ɗora a kan rumfa inda ruwa da gara ba su kai, shi ne zai ga sansa da ƙarfin jan garma ran da ruwan shuka ya sauka.

Iyakar maganata ke nan. In akwai mai tambaya, ya miƙe ya yi.